Yadda ake gina dogon labarin barkwanci mai ƙarewa da murɗe karin magana

Akwai barkwancin da ake yi don mutane su tuntsire da dariya nan take, akwai kuma wanda ake yi don su fara jan tsaki tukuna. Na biyun nake so mu zauna a kansa. Mai labari zai ɗauko zance tun daga nesa, ya riƙe majalisa minti biyar ko goma, kowa ya baza kunne yana jiran babban al'amari, sai a jimlar ƙarshe a tarar ashe duk tafiyar nan an yi ta ne don a iso ga wata kalma mai fuska biyu. Wani ya dafe kai. Wani ya ce, “Don wanga kat tsai da mu?” Wani ya cire hula ya jefi mai labarin da ita. Dariyar sai daga baya take zuwa, kuma tana daɗewa, don gobe za ka ji wanda ya fi kowa tsaki yana ba wasu labarin a teburin mai shayi.

Turawan Ingila da Amurka suna da irinsa, amma nasu ba ya juyuwa zuwa Hausa, namu za mu gina da kayanmu. Ina son wannan fanni ƙwarai, saboda yana sa mutum ya saurari harshensa da kunnen basira, kuma na ga yadda yaron da bai damu da karin magana ba yake haddace ta daram idan ta zo masa ta wannan hanya.

Mataki na farko: fara daga jimlar ƙarshe

Kada ka ɗauko labari kana fatan ƙarshensa zai zo da kansa. Nemi jimlar da za ka rufe da ita, sannan ka gina komai da baya da baya.

Wuri biyu ake samun ta. Na farko, kalmomin da suke kama da juna. Hausa tana da karin sauti na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, tana da dogon wasali da gajere, kuma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu. Shi ya sa muke da gari na zama da gari na tuwo, wuya na jiki da wuya ta wahala, kuka na hawaye da kuka ta miya, gada ta ƙetare gulbi da gada ta daji, tara ta ƙidaya da tara ta alƙali. Ƙamusun Bargery na 1934 yana nuna karin sautin kalmomi, wanda ya yi haƙurin bin shafukansa zai tsinci irin waɗannan tagwaye da yawa. Sakkwatanci kuma ya ƙara mana wasu, tun da mu hura muke sha, kuma wuta ma hura ta ake yi.

Wuri na biyu ya fi daɗi: ka ɗauki karin maganar da kowa ya sani, ka sake yanka ta a wasu gaɓoɓin daban. A nan mutanen Sakkwato mun yi sa'a, domin a cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar akwai waɗanda sunayensu kalmomi ne na yau da kullum, irin su Yabo da Gada da Isa da Gudu. Biyun ƙarshe ina roƙon a bar su a yanzu. Mutanen gabashin jihar da na bakin iyaka suna cikin halin rashin tsaro, wasu sun bar gidajensu da gudun gaske, ba lokacin wasa da waɗannan sunayen ba ne.

Mu ɗauki “Yabon kai jahilci.” Faɗe ta da sauri sau uku. Yanzu raba ta haka: Yabo, in kai, Jahilci. Ta zama tambayar wani da yake neman izinin kai wani abu mai suna Jahilci garin Yabo. Jimlar ƙarshe ta samu.

Mataki na biyu: gwada ta da baki

Yawancin irin waɗannan labarai a nan suke mutuwa, don an gwada su a takarda ba a gwada su a kunne ba. Abu biyu za ka duba.

Na ɗaya, jinsi. Wuyan jiki namiji ne, wuyar wahala mace ce. Idan ka zaɓi “Wuya ba ta kisa,” kalmar “ta” ta riga ta tona asirin wace wuya ake nufi, labarin mahauci ba zai hau kanta ba. Amma “Bayan wuya sai daɗi” ba ta nuna jinsin wuyan ko kaɗan, saboda haka mai balangun da ake gardama da shi a kan wane yanki ne ya fi daɗi a jikin rago zai iya rufe labari da ita lafiya lau. Haka “Kukan kurciya jawabi ne” ba za ta yi maka aiki da itacen kuka ba, don da itacen ne da “kukar” za a ce.

Na biyu, karin sauti. “Kai” na yabon kai sautinsa faɗuwa yake yi, “kai” na kai kaya kuwa a sama yake tsayawa. Bambancin kaɗan ne, kunne zai yafe shi idan sauran jimlar ta zauna daidai. Ƙa'idar da nake bi ita ce, a yafe bambanci ɗaya, a yi shakkar biyu, a watsar da uku. Ka faɗa wa mutum ɗaya jimlar ita kaɗai, ba labari. Idan sai ka yi masa bayani kafin ya ji karin maganar a ciki, nemi wata.

Mataki na uku: rubuta abin da dole mai sauraro ya sani

Wannan shi ne ainihin aikin, a nan ya kamata ka daɗe. Duk guntun da ke cikin jimlar ƙarshe sai an shuka shi tun da wuri, a bainar jama'a, ta yadda in an gama kowa zai ce ai da ya lura da ya gano. Tsakin da muke nema daga nan yake fitowa: mutum yana jin haushin kansa ne don an nuna masa komai bai gani ba. Idan kuwa ka ɓoye wani abu sai a ƙarshe ka fito da shi, haushinka zai ji, kuma da gaskiyarsa.

Jimlarmu tana bukatar abu huɗu. Wani abu mai suna Jahilci, da dalilin sunan. Garin Yabo a matsayin wurin da za a iya zuwa. Ƙarami mai neman izinin babba, tun da “in kai” tambaya ce ta mai jiran umarni. Na huɗu ba dole ba ne, amma shi ke raba gwani da ɗan koyo: a sami wani mai yabon kansa a cikin labarin, don karin maganar ta dace ta fuska biyun duka.

Ga yadda nake ba da shi, a taƙaice.

Wai an yi wani mai jaki a wajen Ƙofar Kware, sana'arsa ɗaukar yashi da taki. Mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, cika baki. Kullum bayan Isha'i in an zauna sai ya ce, “Duk Sakkwato babu wanda yas san jaki irina.” Rannan ya sayo wani auraki ƙaƙƙarfa, mai kyan gani, arha kamar tsintuwa. Ashe arhar da dalili. In an ɗaura masa akumari sai ya kwanta. In an cika mangala da yashi sai ya yi birgima. In an ja shi gabas, yamma yake so. An yi turare, an yi jiƙo, an sauya masa dusa, duk a banza. Maƙwabcinsa ya ce, “Wanga jaki sai a kira shi Jahilci, tunda an ce jahilci ya hi hauka wuyar magani.” Suna ya bi jaki. Har wata rana ya yi harbi ya sami aljihun maigidan, wayarsa ta tsage, tun daga ranar ba a jin magana a cikinta sai an buɗe sifika.

Ya gaji, ya kai shi kasuwar Kara. Dillali ya zagaya da shi, aka taya, ana shirin sallamawa sai Jahilci ya kwanta a tsakiyar fili ya ƙi tashi, mai saye ya kama gabansa. Dillalin ya ce, “Alhaji, akwai wani tsoho can Yabo, in dai dabba ta, shina maganinta.” Mai jaki ya ce, “Ni za a koya ma jaki?” Ya koma gida. Mako ya zagayo, ya kai shi wurin wani maƙeri ya yi masa sabon linzami, jaki ya tauna ya tofar. Maƙerin ma ya ambaci tsohon nan na Yabo, ya sake ƙi. Da abin ya ishe shi, kuma ba ya so a ga ya sauko, sai ya kira ɗansa a asirce ya ce ya ja jakin zuwa Bodinga wurin wani mai magani, kada kowa ya ji. Yaro ya fita tun da asuba. Ga rana, ga jaki mai turjiya, bai isa ba sai bayan Magariba. Mai maganin Bodinga ya duba haƙora, ya duba kofato, ya girgiza kai ya ce ba shi iyawa, sai dai gaba.

A daidai lokacin uban yana majalisa, ya miƙe ƙafa, yana cewa, “Ku bar ganin ba ku ga jakin ba yau. Ni nig gyara shi da hannuna. Ni dai Allah ya ba ni sanin dabba, ko kakana bai kai ni ba.” Sai waya ta yi ƙara. Ya buɗe sifika, majalisa ta yi tsit. Muryar yaro ta fito a gajiye: “Baba, Yabo 'n kai Jahilci?”

Ka tsaya nan. Ko kalma ɗaya kada ka ƙara.

Yanzu dubi abin da aka yi. An ba jakin suna da wata karin maganar daban, wadda ita ma ta ba da 'yar dariya. Mai sauraro zai ɗauka wasan sunan ya ƙare ke nan, ya saki jiki, ya daina tsaron kalmar. Wannan dabarar ta fi kowace amfani a wurina: ka ba sunan da kake bukata wani dalili mai gamsarwa tun farko. An ambaci Yabo sau biyu, kowane a bakin mutum daban, kuma a tsakiyar zance, ba a ƙarshen jimla inda kunne yake tsayawa ba. Cika bakin uban ya zo tun a layin farko a matsayin halinsa kawai. Wayar da ta tsage ta zo a matsayin ɓarnar jaki, alhali aikinta shi ne ta sa duk majalisa ta ji tambayar. Ko hanyar ma ta gaskiya ce, wanda ya bar Sakkwato ta hanyar Jega zai wuce Bodinga kafin ya kai mararrabar Yabo. Da na ce yaron ya bi ta Wurno, da wani direba a cikin masu sauraro ya katse ni, hankali ya koma kan gardamar hanya.

Ka lura kuma da matsayin da aka ba Yabo. Can ne ake da maganin Jahilci. Da na gina labarin ta yadda za a fahimci can ne mazauninsa, da na zagi gari guda mai tarihi, garin Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin manyan jihadi, kuma inda Shehu Shagari ya yi makarantar elementare. Juyi kaɗan ne a ginin labarin, amma shi zai sa mutumin Yabo ya yi dariya tare da kai.

Mataki na huɗu: ja hanya, amma da lissafi

Abin da na rubuta a sama ƙashi ne, a baki zai ninka haka sau biyu ko uku. Tsawon ba ado ba ne, shi ke tara sa ran da jimlar ƙarshe za ta rushe. Sai dai akwai tsawo mai riƙe mutane, akwai mai korar su.

Zango uku sun isa: Kara, maƙera, Bodinga. Tatsuniyoyinmu ma sun saba da maimaita abu sau uku, kunne ya san wannan tsarin, yana jiran na ukun ya zo da sauyi. Kowane zango ya fi na baya tsanani, kuma ya kasance da ɗan abin dariyarsa, don kada mutane su zauna minti goma a bushe. Cika shi da abin da ido ke gani: yadda dillali yake buɗe bakin jaki, yadda mai saye yake cewa a rage, mai kaya yana cewa albarka, la'adar da dillali ya riga ya lissafa a ransa kafin jaki ya kwanta, zafin watan Afrilu a kan kwalta da yaro yake takawa. Irin wannan bayani yana sa a yarda labarin yana da inda za shi.

Abin da ba a so shi ne reshen da ba ya komawa ko'ina, kamar ka shiga tarihin auren mai jakin. Labari irin wannan kamar lodin jaki ne, in taiki ɗaya ya rinjayi ɗaya kayan duka ke juyewa. In farkon ya yi nauyi ƙwarai, ƙarshen ba zai ɗauke shi ba. Minti biyar zuwa bakwai ya ishi mai koyo. Idan ka ga an fara duba waya, tsallake zango ɗaya ka nufi gida.

Mataki na biyar: bakin mai labari

Fuskarka ta zama ta mai ba da labarin gaske. Kada ka yi dariya a hanya, kada ka ce “ku jira ku ji ƙarshen,” kada ka sanar cewa akwai wasan kalma. Duk lokacin da za ka ambaci Yabo ko Jahilci, wuce su da murya ɗaya da sauran zance. Masu koyo sukan ɗan rage sauri ko su ɗaga gira a kan kalmar da suka shuka, nan take mai kaifin kunne zai cafke.

Ba kowane mutum muryarsa. Dillali da saurin baki, maƙeri a hankali, uban da ƙasaita, yaron da ladabi. In a Sakkwato kake, bar su su yi Sakkwatanci, “yat tahi,” “munka iso,” “mi kac ce,” don a nan ne rabin daɗin yake.

Daf da ƙarshe ka rage gudu. Yi shiru na numfashi ɗaya bayan “majalisa ta yi tsit.” Sannan ka faɗi jimlar sau ɗaya, a sarari, ka haɗe “Yabo” da “in” su zama abu guda, ka bar sautin tambaya kaɗan a ƙarshe. Za a yi shiru na daƙiƙa biyu ko uku kafin ta faɗa wa mutane. Shirun nan yana da nauyi, kuma a cikinsa ne mai labari yake jin kamar ya yi bayani. Daure. Wanda ya fara ganowa shi zai fassara wa na kusa da shi, kuma hakan ya fi daɗi a wurinsu. In an jefe ka da hula, karɓa da murmushi.

Mataki na shida: wa za ka ba, kuma ina ne iyaka

Wanda yake da lokaci ake ba irin wannan labari: majalisar dare lokacin zafi da ake kwana a waje, doguwar tafiya a mota zuwa Gusau ko Kano, zaman jiran ɗaurin aure. Ba a tare mai sauri da shi, ba a kai shi zaman makoki. Abokan wasa su ne kasuwarsa, taubasai, jika da kaka, Bagobiri da Bayarabe, Bafillace da Babarbare. A gaban surukai ko malaminka kuwa, inda wani ya yi rawa aka ba shi kuɗi, wani duka zai sha.

Iyaka biyu ba na wasa da su. Ayar Alƙur'ani, hadisi, sunayen Allah da na Annabawa ba kayan wannan wasa ba ne, komai kyan dacewar sautin. 'Yan kama sun daɗe suna juya zance mai nauyi su mai da shi na tuwo da nama, amma karin magana da sunayen garuruwa da kayan kasuwa sun ishe mu. Ta biyu, maganar ƙarya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda yake yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Malamai da yawa sun bambanta ƙaryar da ake so a gaskata da ƙagaggen labarin da kowa ya san ƙagagge ne, kuma iyayenmu ma da suka gama tatsuniya sukan ce ba don gizo ba da sun yi ƙarya. Saboda haka buɗe da “wai an yi wani,” kada ka rantse, kada ka ce a gabanka aka yi, kada ka liƙa labarin ga wani mutum na gaske da aka sani a unguwa. Fuskar gaske da na ce ka yi salon faɗa ce, ba shaida ba.

In za ka tura ta waya

Saƙon murya na WhatsApp ya fi rubutu dacewa da labarin jakin, domin a rubuce dole ka zaɓi ko “Yabon kai” ko “Yabo in kai,” kuma duk wanda ka zaɓa ya rage rabin wasan. In dole sai rubutu, rubuta yadda yaron ya faɗa, ka sa jimlar a layinta ita kaɗai, ba alamar dariya a bayanta.

Akwai kuma labaran da rubutu ya fi yi musu kyau, waɗanda kalmomin biyu suke da harufa iri ɗaya. Ga wanda za ka gwada ginawa da kanka. Karin maganar ita ce “Komai nisan dare gari zai waye.” Wurin, injin niƙa. Yara sun kawo dawa da gero tun la'asar, an ɗauke wuta, kwanuka sun yi layi, an kawo wuta an sake ɗaukewa, yara sun yi barci a kan buhuna, kwanuka sun cakuɗe. Can tsakar dare mai injin ya gama niƙa kwano na ƙarshe, ya ɗaga shi sama, ya ce ba zai rufe shago da amanar mutane ba: “Komai nisan dare, garin waye?” Abin da za ka shuka tun farko shi ne asalin mai injin. Basakkwace “garin wa na?” zai ce, wasan ya lalace. Sai ka mai da shi Bakano da ya zo cin rani, ka sa yaran unguwa suna kwaikwayon “waye” ɗinsa tun a zangon farko.